Yadda za ka shirya ɗanka wa jarrabawar Turanci ta gaokao a ƙasar Sin

Ranar da 'yata ta dawo da sakamakon gwajin Turanci na farko a ajinta na ƙarshe, ajiye takardar ta yi a kan tebur ta shige ɗaki, ko kallona ba ta yi ba. Maki 101 cikin 150. Yarinyar da tun tana rarrafe nake yi mata Turanci da Hausa, mahaifiyarta tana yi mata Sinanci. A ajinsu kuwa akwai yaron da idan ka gaishe shi da Turanci sai ya sunkuyar da kai yana in'ina, shi ya haura 130. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, domin kafin in shiga harkar dakon kaya a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, malamin Turanci ne ni a wata sakandare a gida. Na ɗauka wannan darasi ɗaya dai ta gama da shi tun a gida.

Da daddare na ɗauki takardar na zauna na amsa ta da kaina, agogo a gabana. Lokaci ya ƙare ban gama rubutun ƙarshe ba. A nan na gane iya Turanci daban, cin wannan jarrabawa daban. Tana da fasali nata, da tarkuna nata, da irin amsar da masu duba takarda ke jira. Abin da ke biye shi ne hanyar da muka bi ni da ita tsawon wata tara. Na rubuta shi ne don 'yan'uwa da Allah ya haɗa su aure da Sinawa, 'ya'yansu na makarantun gwamnati a nan, da duk wanda wani yaro Basine ya roƙa ya taya shi bita.

Mataki na farko: san takardar kafin ka fara gyara

Gaokao ita ce jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin. An dawo da ita a 1977 bayan shekarun da aka dakatar da ita, kuma a 2024 ɗalibai miliyan 13.42 ne suka yi rajista. Ana farawa ranar 7 ga Yuni, Turanci kuma yana faɗowa ranar 8 ga wata, daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma. A yawancin larduna jimillar maki 750 ce, Turanci yana ɗauke da 150, daidai da Sinanci da lissafi. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan na abin da zai yanke wa yaro jami'ar da zai shiga.

A sabon tsarin takardar ƙasa, wanda yawancin larduna suka koma kai, ga yadda aka kasa makin. Sauraro tambaya 20, maki 30. Auna fahimta maki 50: nassi huɗu masu tambaya 15, kowace tambaya maki biyu da rabi, sai wani nassi da aka zare masa jimla biyar aka ba ka bakwai ka zaɓa, wanda yara ke kira qi xuan wu. Cike gurbi na zaɓi tambaya 15, maki 15. Cike gurbi na nahawu gurbi 10, maki 15. Rubutu maki 40: gajeriyar wasiƙa ko sanarwa mai kalma kusan 80 maki 15, sai ci gaban labari mai kalma kusan 150 maki 25.

Larduna suna da bambanci, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. A Guangdong inda muke, babu sauraro a takardar Yuni. Ana yin jarrabawar sauraro da magana daban a watan Maris, a gaban kwamfuta, ta ɗauki maki 20, takardar rubutu kuma a juya makinta 120 zuwa 130. A Zhejiang da Shanghai ana zana Turanci sau biyu a shekara, Janairu da Yuni, a ɗauki wanda ya fi. Beijing tana da takardarta da jarrabawar sauraro da magana tata. Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne ka sa yaron ko mahaifiyarsa su buɗe shafin hukumar jarrabawa ta lardinku, su karanta maka sanarwar wannan shekara layi-layi. Kada ka dogara da abin da ɗan maƙwabci ya yi shekara uku baya.

Sannan ka nemi zhenti, wato ainihin takardun shekarun baya, na aƙalla shekara biyar. Kowane kantin littattafai da ke kusa da makaranta yana da su. Ka amsa ɗaya da kanka kamar yadda na yi. Wanda bai taɓa zama da wannan takarda na awa biyu ba, shawarar da zai ba yaro ta baka ce kawai.

Mataki na biyu: gano inda makin ke zuba

Ranar Asabar ta farko ka ba yaron cikakkiyar takarda, ka karɓe waya, ka kunna agogo. Idan ya gama kada ka tsaya kan jimillar maki. Ka zana layi shida a takarda, kowane sashe da layinsa, ka rubuta abin da ya ci da abin da ya zubar. Da muka yi haka sai ga shi sauraron 'yata lafiya lau, auna fahimta ba laifi, amma nahawu ta zubar da fiye da rabi, ci gaban labari kuma ko rabin maki ba ta kai ba. Da na tsaya kan 101 ɗin nan, da na ɓata wata guda ina ƙara mata kalmomin da ba su ne matsalarta ba.

Daga nan sai littafin kurakurai. Sinawa suna kiransa cuotiben, kuma kusan duk ɗalibin kirki yana da shi, sai dai da yawa sun mai da shi wurin kwafe tambaya da amsa kawai. Namu mun raba kowane shafi gida uku: tambayar, amsar da ta bayar, da dalilin da ya sa ta ba da ita. Gida na uku shi ne aikin. "Ban san kalmar ba" dalili ne. "Na san kalmar amma na yi gaggawa" wani dalili ne dabam, maganinsa ma dabam. "Na zaɓi amsar da ta yi daidai da tunanina, ba da abin da nassin ya faɗa ba" shi ne ya fi yawa a littafinta. Duk Lahadi ta rufe amsoshin ta sake gwada tambayoyin makon. Wadda ta ci sau uku a jere sai a soke ta. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma bayan an wanke ma akwai tilawa.

Mataki na uku: kalmomi

Manhajar Turanci ta babbar sakandare ta 2017, da aka yi wa kwaskwarima a 2020, ta jero kalmomi kusan 3,000, ko da yake har yau za ka ji yara suna cewa "3,500" saboda tsohon jerin. Makaranta za ta sa su haddace jerin nan a karatun safe, ba sai ka ƙara musu da naka ba. Abin da za ka taimaka da shi biyu ne.

Na ɗaya, sananniyar kalma mai baƙuwar ma'ana. Yaro ya haddace *address* a matsayin adireshi, sai ta zo masa a nassi da ma'anar tunkarar matsala, ya rikice. Haka *book*, *fine*, *last*, *cover*. Duk wadda ya ci karo da ita a tsohuwar takarda, ya rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki. Na biyu, dangin kalma: *succeed*, *success*, *successful*, *successfully*. Wannan kai tsaye yake biya a sashen nahawu. Minti goma sha biyar a rana ya wadatar, muddin ba a tsallake rana.

Mataki na huɗu: auna fahimta

A nan maki ya fi yawa, kuma kuskure ɗaya maki biyu da rabi ne. Nassi na farko yawanci talla ne ko sanarwa, kamar jadawalin wani gidan tarihi ko tsarin wata gasa. Ba a karanta shi daga sama zuwa ƙasa; a karanta tambaya, a nemo layin da ke da amsar, a wuce. Minti huɗu ko biyar. Na biyu galibi labarin wani mutum ne. Na uku da na huɗu su ne masu ƙashi: bayanin wani binciken kimiyya ko ra'ayin marubuci kan wani batu, da dogayen jimloli masu rassa.

Dokar da na kafa mata guda ɗaya ce: kowace amsa ka zaɓa, ka ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta ba ka ita, ka rubuta lambar tambayar a gefe. Idan ba ka iya nuna layin ba, canki-canka ka yi. Masu tsara tambayoyin nan sun ƙware wajen ɗana tarko iri uku. Akwai amsar da ke ɗauke da ainihin kalmomin nassi amma an karkatar da ma'anar. Akwai wadda ta wuce gona da iri, nassi ya ce wasu, ita ta ce duka. Akwai kuma wadda gaskiya ce a duniya amma nassin bai faɗe ta ba, kuma ita ce ke kama yara masu yawan karance-karance irin tawa. Amsar gaskiya sau da yawa maganar nassin ce aka sake wa tufafi.

Doguwar jimla kuwa, koya masa ya fara nemo babban aikatau da mai aikata shi, ya kewaye rassan da fensir. Kullum jimla biyu daga tsofaffin takardu, a rarraba su, a fassara da baki. Bayan wata ɗaya za ka ga ya daina tsorata da su.

A qi xuan wu, idon yaro ya tsaya kan ƙananan kalmomi: *this*, *they*, *however*, *instead*, *for example*. Idan jimlar da ke bayan gurbi ta fara da *they*, to jimlar da aka zare tana ɗauke da suna a jam'i. Ya fara cike gurbin da ya tabbatar, sauran zaɓin sai su ragu. Idan ya gama ya karanta nassin gaba ɗaya, domin a nan kuskure ɗaya kan jawo na biyu.

Mataki na biyar: cike gurbi da nahawu

Cike gurbi na zaɓi kusan kullum ɗan labari ne mai darasi a ƙarshe. Ya karanta shi duka tukuna ba tare da duban zaɓin ba, ya san inda labarin ya dosa. Sau da yawa amsar gurbi na uku tana ɓoye a sakin layi na ƙarshe.

Nahawu shi ne inda muka fi shan wahala, kuma shi ne ya fi saurin gyaruwa. Gurbi goma ne. Wasu an ba ka kalma ka sauya mata siga, wasu babu komai, kai za ka kawo kalma ɗaya. Idan babu kalma, abin da ake nema bai wuce ƙananan nan ba: *a*, *an*, *the*, ko irin su *in*, *on*, *with*, ko mahaɗi irin su *and*, *which*, *that*. Idan aikatau aka bayar, tambayar farko ita ce: jimlar nan tana da babban aikatau ko babu? Idan babu, wannan ne shi, sai a duba lokaci da tilo ko jam'i. Idan akwai, to siga mai *to* ko *-ing* ko *-ed* ake so. Wannan tambaya ɗaya ta dawo wa 'yata da maki huɗu zuwa biyar a kowace takarda. Nassin wannan sashe yakan taɓo al'adun Sin, kamar abinci, shayi, gine-gine, don haka yana da kyau yaro ya saba karanta irin waɗannan batutuwa da Turanci.

Kurakuran yaran Sinawa daga harshensu suke tasowa, kuma idan ka san tushen gyaran ya fi sauƙi. Aikatau a Sinanci ba ya sauya siga don lokaci, shi ya sa *-ed* ke zame musu. Ba su da *a* da *the*. Kalmar *ta* a bakinsu ita ce shi, ita ce ita, sai ka ga labari ya fara da *he* ya ƙare da *she*. Mu Hausawa da "ya" da "ta" suka raba mana gardama ba mu san wannan ciwo ba. Suna rubuta *there have* maimakon *there are*. Amma akwai inda muka yi tarayya da su: kamar yadda muke cewa "ko da yake… amma", haka suke haɗa *suiran* da *danshi*, sai su zuba *although* da *but* a jimla ɗaya. Ranar da na nuna mata wannan a rubutunta, na ce ɗalibaina na gida ma haka suke yi, dariya ta yi ta ce, "Baba, ashe gado na yi ta ɓangare biyu." Baba ɗin nan ma, da Hausa da Sinanci duk haka ake kiran uba.

Mataki na shida: sauraro da magana

A lardunan da ke yin sauraro cikin takardar Yuni, gajerun hirarraki biyar ne a farko, sai dogaye biyar da ake maimaitawa sau biyu. Shekaru da dama gajerun sau ɗaya tak ake kunna su, don haka ka horar da yaro a kan ji ɗaya. Idan aka maimaita, riba ce. Sirrin sashen shi ne karanta tambaya kafin murya ta fara. Ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya bambanta zaɓi uku, ya jira shi. Tambayoyin farashi da lokaci kan bukaci ɗan lissafi: an ce jirgi zai tashi ƙarfe tara, an jinkirta da minti ashirin. Idan ɗaya ta wuce shi ya bar ta, kada ya bi ta ya rasa biyu.

A Guangdong kashi uku ne a gaban kwamfuta, da abin ji a kunne da makirfo. Na farko ka kalli ɗan bidiyo ka karanta rubutun da murya kana kwaikwayon mai magana. Na biyu ka yi tambaya uku ka amsa biyar a kan wata hira. Na uku ka saurari labari ka maimaita shi da bakinka. A nan uba mai Turanci yake da amfani sosai, amma da sharaɗi: lafazin da ke cikin faifan jarrabawa na Ingila ne da Amurka, ba namu ba. Ni na san *p* da *f* dina sukan yi musanye idan na yi sauri, don haka ban sa ta kwaikwaye ni ba. Faifan take kwaikwaya, ta ɗauki muryarta a waya, mu saurara tare. Abin da nake kamawa shi ne wasalin da Sinawa kan liƙa a ƙarshen kalma, da haɗiye *s* ɗin jam'i, da sautin *th* da *v*. Tambaya ukun nan kuma tsarin jimlar tambaya suke gwadawa, a tabbatar *do* da *does* da *did* sun zauna inda ya dace. Minti ashirin kullum daga Disamba zuwa Maris.

Mataki na bakwai: rubutu

Duk ɗalibin Sin ya san Li Hua. Sunan da ake ba mai zana jarrabawa ne a wasiƙa: kai ne Li Hua, rubuta wa abokinka baƙo ko malaminka. A takardar ƙasa ta ɗaya ta 2023 an ce ya rubuta wa malaminsu baƙo kan shirin haɗa ɗalibai bibbiyu ba tare da zaɓi ba don koyon magana, ya faɗi matsalar ya kawo shawara. A 2024 an ce ya ba abokinsa labarin darasin zane da suka yi a lambun shaƙatawa. Tambayar takan zo da buƙatu biyu ko uku a jere. Kowace buƙata sai ta fito fili a wasiƙar, wanda ya manta ɗaya ya sauka daga matakin sama komai kyan Turancinsa. Sakin layi uku: dalilin rubutu a jimla ɗaya ko biyu, gundarin magana, rufewa. Kalma 80 ba ta da wurin doguwar gaisuwa, mu da muka saba tambayar gida da iyali da gajiya sai mu kiyaye kada mu koya wa yaro. Ya gwada kowane iri sau biyu aƙalla: gayyata, neman aiki, ba da shawara, godiya, ban haƙuri, sanarwa, rahoton wani taro.

Ci gaban labari, duhou xuxie, shi ne ya fi komai nauyi a tambaya ɗaya, kuma a kansa na fi so ka ɓata lokacinka. Zhejiang ce ta fara shi a 2016, sauran larduna suka biyo baya. Ana ba ka labari mai kalma ɗari uku da wani abu, a yanke shi a tsakiya, a ba ka jimlar farko ta sakin layi biyu, kai ka ƙarasa.

Ɗauki na 2024. Wani matafiyi ya sauka Vienna a makare, yana son kama motar ƙarshe zuwa Prague. Direban tasi mai suna Gunter ya kai shi tasha, sai ga shi ba kuɗi a hannu, kati bai yi aiki ba, na'urar cirar kuɗi kuma ta lalace. Sakin layi na farko ya fara da cewa ya koma da gudu ya shaida wa Gunter mummunan labari. Na biyu ya fara da cewa bayan kwana huɗu, da ya dawo Vienna, ya kira Gunter kamar yadda ya yi alkawari. Na ba 'yata wannan. Ta rubuta Turanci mai daɗi, ta kawo ɗan sanda, ta kawo wata tsohuwa da ta biya kuɗin. Na ce mata, "'Yata, karanta mini jimlar farko ta sakin layi na biyu." Ta karanta. Na ce, "Wane alkawari? Ina lambar wayar da zai kira?" Ta yi shiru, ta dafe goshi. Jimlar nan ta riga ta faɗa maka abin da dole ya faru a sakin layi na farko: Gunter ya yarda ya bar shi ya tafi, sun yi musayar lamba, an yi alkawari, ya kama motar. Wanda bai karanta jimla ta biyu kafin ya fara rubutu ba ya ɓata hanya tun daga ƙofa.

Ga yadda muka riƙa yi daga ranar. Minti biyar na karatu, ana rubuta a gefe: su wa ke ciki, mene ne matsalar, yaya zuciyar babban ɗan wasan take, wane abu aka ambata da bai gama aikinsa ba. Idan labari ya ambaci wani agogo ko wata wasiƙa, to jira yake a dawo da shi. Sannan jimla huɗu na tsari: abin da zai biyo bayan jimlar farko, abin da zai rufe sakin layi na ɗaya har ya miƙa hannu ga na biyu, abin da zai biyo bayan jimla ta biyu, da ƙarshe. Kada a kawo sabon mutum sai dole. Kada a sauya lokaci. Labarin a shuɗaɗɗen lokaci yake, a can za a zauna. Kada a yi mafarki, kada a kashe kowa. Labaran nan na kirki ne da yafiya da taimakon juna, kamar na 2021 inda tagwaye suka so haɗa wa mahaifiyarsu karin kumallo suka ɓata girkin, ƙarshensu kuma haske ake so.

Akwai wata cuta da ta yaɗu: yara suna haddace jimloli masu ƙawa, hawaye na gangarowa a kumatu, zuciya na bugawa kamar ganga, su liƙa su ko ina. Masu duba takarda sun ga irinsu dubbai. Ban hana ta tara jimloli ba, amma na ce ta tsamo su daga nassoshin da take karantawa, ta kasa su bisa yanayi, tsoro, kunya, murna, nadama, kuma kowace sai ta yi amfani da ita a labari uku daban kafin ta zama tata. Abin da ya fi ƙawa amfani shi ne aiki a jere: ya tsaya, ya laluba aljihu, ya ɗago kai ya dubi direban. Ƙara magana ɗaya ko biyu a bakin mutane, gajeru. Labari ɗaya a mako, a gyara, a sake rubuta shi gaba ɗaya. Sake rubutun nan ne yara ke gudu, kuma a cikinsa makin yake.

Wajen gyara, kada ka cika takardar da jan biro. Zaɓi kuskure iri biyu a mako, ka ja layi kawai, shi ya gano abin da ya lalace. Na yi kuskuren farko na gyara mata komai da komai har ta yi kwana uku ba ta kawo mini rubutu ba, kuma laifina ne.

Rubutun hannu, agogo da kalanda

Ba takardar yaro ake dubawa ba, hotonta ake gani a allon kwamfuta, kuma malamai biyu ne ke ba da maki kowa daban. Idan tazararsu ta yi yawa a kai wa na uku. Shi ya sa salon rubutun da ake kira Hengshui ti, da ya samo suna daga wata sakandare a lardin Hebei, ya bazu: haruffa masu da'ira, girmansu ɗaya, ba a sarƙa su. Ba dole ne ya kwaikwaye shi sak ba, amma minti goma kullum da baƙin biro mai bakin 0.5 a kan irin takardar amsa ta gaske zai nuna bambanci. Abin da ya fita daga akwatin amsa ba ya shiga hoto. Zaɓi kuma da fensir 2B ake cikewa.

Inda ake sauraro a Yuni, rabon da ya yi wa yawancin yara daidai shi ne: sauraro da kwafe amsa minti 22, nassi huɗu 30, qi xuan wu 8, cike gurbi 10, nahawu 8, wasiƙa 15, labari 25. 'Yan Guangdong suna da sarari fiye da haka, sai su ƙara wa nassi na uku da na huɗu da labari. Ko yaya aka yi, idan saura minti 40 a koma rubutu, ko da akwai tambayar da ba a gama ba.

Makaranta tana bita zagaye uku a ajin ƙarshe, kuma yara na dawowa daga karatun dare a gajiye, wani lokaci bayan ƙarfe goma. Kada ka ɗora masa wata makaranta a gida. Daga Satumba zuwa Janairu, nahawu da kalmomi da dogayen jimloli. Daga hutun sabuwar shekarar Sinawa zuwa Afrilu, sashe-sashe da agogo, ga kuma manyan gwaje-gwajen yimo da ermo, wato jarrabawar gwaji ta ɗaya da ta biyu, da birni ke shiryawa. A Mayu, cikakkiyar takarda sau ɗaya a mako, kuma a yi ta daga ƙarfe 3 zuwa 5, don jiki ya saba farkawa a lokacin da barcin rana ke ɗaukarsa. Makon ƙarshe ba sabuwar tambaya, littafin kurakurai kawai.

Ga ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Sin, kalma ɗaya: tun Yulin 2021 gwamnati ta ƙuntata harkar darussan kuɗi na bayan makaranta, kuma bizar ɗalibi ba ta ba ka izinin koyarwa don a biya ka. Taya ɗan aboki bita don zumunci daban, karɓar kuɗi daban, na biyun yana iya kai mutum ga tara da kora.

Ranar 8 ga Yuni a kula da abu guda: a lardunan da ke yin sauraro a takardar Yuni, a jarrabawar harshen waje ana rufe ƙofa minti 15 kafin farawa, wato ƙarfe 2:45, ba kamar sauran darussa ba. Katin shaida da takardar izinin shiga da biro biyu da fensir da magogi su kwana a jakar da ake ganin abin da ke cikinta tun daren jiya. Abincin rana mara nauyi, barci kada ya wuce rabin awa, sannan ya karanta nassi ɗaya mai sauƙi da ya taɓa yi don ido ya ɗumama. Mu ƙarfe biyu ta yi mana a bakin ƙofa, ana yayyafi, iyaye sun cika titi da lema. Na yi mata addu'a da Hausa, mahaifiyarta ta ce mata *jiayou*, wato ki dage, ta duba jakarta sau ɗaya ta shiga layi.